Maganin Darɓa Marar Wari

Ku da kuke ganin feshi wasa ne, ku goya pampo cike da ruwa ku ratsa gona ɗaya da tsakar rana, sannan ku zo mu yi magana. Ina jin abin da kuke faɗi a bakin tasha. Wai mai feshi yawo yake yi cikin gonar mutane yana kaɗa sanda, da yamma a biya shi. To. Sunana Illo, mutumin Tsarnawa. Daga fadamun Ƙwanni har Malbaza, har ƙauyukan Illela, babu inda ban taka ba da pampo a bayana. Ban yi lakwal ba, wato boko, kuma ba ni da doguwar magana. Abin da na gani shi zan faɗa.

Aikina na farko gonar wake ce a Alela. Ina da mata da ɗiya biyu a lokacin, gero bai yi ba, sai na bi kawuna Nomau, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana feshi. Na zaci zai ba ni pampo. Bido ya ba ni, jarkar ɗiban ruwa, ya nuna mini rijiya. Da na gama jido ya kira ni tsakiyar gona, ya nuna wani gindin wake da ƙafa.

"Mi ka gani?"

"Ganye, kawu."

"Jaki ma ganye shika gani. Birkice shi."

Na birkice. Ƙarƙashin ganyen baƙi ƙirin da wasu ƙananan ƙwari masu laushi kamar ƙwarƙwata, sun hau kan juna, ba sa ko motsi. Na taɓa, yatsana ya yi danƙo. Ita ce darɓa. Tana kafa baki a ganye da toho tana tsotsa, tana zubar da wani ruwa mai zaƙi, ganye ya nannaɗe, fure ya zube. Ta wake baƙa ce. Ta shu, wato kabeji, toka-toka ce, kamar an barbaɗa mata gari. Ta dawa rawaya-rawaya. Ba ta jiran namiji, ba ta jiran ƙwai, haihuwa kawai take yi. Wadda aka haifa wannan kasuwa, kafin kasuwa ta zagayo ita ma uwa ce. Nomau ya ce in ina neman ta kada in bi ganye, in bi kiyashi. Kiyashi kiwonta suke yi kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu, suna lasar zaƙin. Inda ka ga sun yi layi suna hawa kara, darɓa tana sama.

Damina guda na yi ina jido ina birkice ganye kafin ya bar ni na goya pampo.

Pampo ba wani abu ba ne in kana kallonsa a jingine. Tanki ne na roba, da madauri biyu, da hannu da kake bugawa da hagu, da bututu da sanda a dama, da ɗan kai mai rami kamar na allura. Amma ramin nan yana toshewa sau da yawa a yini, kuma mun saba mu cire shi mu hura da baki. Murfin tanki ba ya daɗewa yake fara yoyo, maganin ya bi maka wuya ya gangara har ƙugu, rigarka ta sha, rana ta busar da ita a jikinka, gobe ka sake sa ta. Abin rufe hanci kuwa, gefen rawani ne. In mun gama, sai mu sha madara, wai tana wanke ciki. Haka muka tarar, haka muka yi.

Maganin kuma daga ƙetaren iyaka ake kawo mafi yawansa, wani da takarda a jikin kwalba, wani babu. Ko da takardar, wa zai karanta? Da hanci muke sanin ƙarfinsa. Nomau yana da haɗinsa: fiya-fiya, da wani ja, da wani mai kama da nono. In ya zuba su wuri ɗaya ko ƙuda ba ya ratsa wurin.

Yanzu ku ji halin masu gona, don su ne rabin sana'ar. Mai gona ba ya shiga gona in kana feshi. A gefe yake tsayawa, inda iska ke kaɗowa, ya buɗe hanci. In warin ya doke shi har ya yi tari, sai ka ga ya yi murmushi. In bai ji ba, sai ya ɗaga murya: "Kai, mai pampo! Ruwa na aiko ka ka ba ta?" In ka gama zai zagaya yana duban ƙasa. Yana son ya ga gawa. Ƙwaro, fara, kwaɗo, ƙadangare, duk ɗaya ne a wurinsa. Na taɓa yi wa wani feshi a Malbaza, ya tarar da bushiya matacciya a bakin kunya, ya ɗaga ta yana nuna wa maƙwabta, yana cewa yau ya samu mai aiki na gaskiya. Wari da gawa ake saye a wurinmu. Wanda bai gane wannan ba, ba zai ci abinci da pampo ba.

Nomau ya fara da rawar hannu. Daga baya tari. Daga baya ba ya iya riƙe moɗa. Da ya rasu aka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, na ga fatar bayansa, daidai inda tanki ke zama. Na gaji pamponsa da masu gonarsa.

Nawa ya zo mini a wata gonar tattasai kusa da Malbaza, bayan shekaru masu yawa. Ina cikin bugawa sai na ga kunya ta rabu biyu, miyau ya cika mini baki, ƙafafu suka ƙi. A likita, wato asibiti, na farka, da ruwa a hannu. Lokotoron da ya duba ni wani ɗan gajere ne, ba mutumin nan ba, Hausarsa a karye. Ya sa abin saurare a ƙirjina ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, kai da wanga magani, an gama. Ka koma, ka mutu." Bai ƙara ba. Na ji daɗin da bai ƙara ba.

To, in bari in ci me? Gonar gadonmu an raba ta har ta zama kamar tabarma. Ban iya dillanci ba, ban iya gini ba. Feshi na iya. Tun daga ranar abin da ke gabana ɗaya ne: yadda zan ci gaba da goya pampo ba tare da na shaƙi abin da zai kashe ni ba.

Ana nan sai malamin gona na lokacin, Mushe Abdu, ya aika a tara masu feshi a buro, ofishinsu na Ƙwanni. Muka zauna a benci. Ya fito da wata 'yar leda mai ƙyalli, ya yanka, ya zazzage a faranti. Gari ne fari, kamar garin rogo. Ya miƙo a zagaya da shi. Kowa ya kai hanci. Babu komai.

Sahabi, wanda muka daɗe muna raba ƙauyuka da shi, ya ce, "Mushe, wanga na tuwo ne ko na kunu?"

Aka yi dariya. Mushe Abdu ya bari aka gama, sannan ya ce wannan ba guba ba ce, iri ne. Irin hunhuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, sai dai ita wannan jikin ƙwaro kaɗai take ci. In ta sauka a kan darɓa sai ta tsira, ta huda fatar, ta cika cikin, darɓa ta bar ci, ta mutu. Bayan ta mutu sai hunhunar ta fito waje fara fat, ta zubar da sabon iri a kan na kusa. Ba ta taɓa mutum, ba ta taɓa akuya, ba ta taɓa ganye.

"Awa nawa ta kashe?" in ji Sahabi.

"Ba awa ba. Kusan mako."

"Mako! Mushe, ka taɓa tsayawa gaban mai gona kuwa?"

Suka watse. Ni na tsaya. Ba don na fi su hankali ba. Su suna da ƙirji, ni ba ni da shi.

Garin nan ya fi guba wahala, kada wani ya ruɗe ku. Abu ne mai rai, kuma ƙasarmu ba ta da tausayin mai rai. Zafi yana kashe shi tun yana cikin leda. Sai da na haƙa rami a ɗaka, na binne tulu a jiƙaƙƙen yashi, a ciki nake ajiye shi. Pampon Nomau kuwa na wanke shi da toka da sabulu har hannuna ya yi fari, na sake bututu da kai, don ko ɗigon tsohon haɗi ya rage zai iya lalata aikin. Ba a zuba garin kai tsaye a tanki. Sai ka dama shi a kwano da ɗan ruwa da ɗigon sabulu, ya yi kamar koko, ka tace da tsumma mai laushi, in ba haka ba kan pampo ya toshe tun kunya ta farko. Kana tafiya kana girgiza bayanka don kada ya kwanta. Ba a fesa shi da rana, rana tana ƙone shi. Sai bayan la'asar, in inuwa ta yi tsawo, kuma an fi so a ce an ba gonar ruwa ko ana sa ran raɓa, don da laima yake tsira. Guba daga sama ake watsa ta a wuce. Shi kuwa sai ka duƙa, ka juya kan sanda sama, ka bi ƙarƙashin ganye ɗaya bayan ɗaya, don sai ya taɓa jikin darɓa. Gonar da nake gamawa kafin azahar da guba, da garin sai in yi yammaci biyu a kanta.

Wadda ta fara yarda da ni wata tsohuwa ce a unguwarmu, Inna Tamo. Tana da 'yar gonar wake bayan gari, da awaki da take ba su harawa. Bara waccan an yi mata feshi, akuya ta ci ganyen ta mutu da ciki. Da na gaya mata wannan ba ya kashe akuya, ta ce, "To in bai kashe akuya ba, ya kashe darɓa?" Na ce ta ba ni mako. Ta ce, "Ɗana, ni mi nika yi da mako? Ɗauki."

Na fesa. Washegari na je, darɓa tana nan tana ci. Na sake komawa, tana nan. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara tunanin Mushe Abdu ya mai da ni abin dariya. Sai wata safiya na birkice ganye na ga sun canza. Ba su da ƙyalli. Wasu sun yi ja-ja, sun ƙanƙance, kiyashi suna zagaya su suna taɓawa suna wucewa. Kafin mako ya cika, ƙarƙashin ganyen ya yi fari kamar an watsa auduga. Kowace gawa da farin gashinta. Kuma ga jajayen ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigo a baya, waɗanda ke cin darɓa, suna ta kai da kawowa a raye. Tun da na fara sana'ar ban taɓa ganinsu a gonar da na fesa ba. Waken ya sake toho. Inna Tamo ta tsinki ganye ta ba akuya a gabana, ta tsaya tana kallonta har ta gama tuƙa.

Daga nan mata suka fara kirana, masu ƙananan gonaki da masu lambun bayan gida. Ba su da yawa, amma na yi damina guda ina aiki ba na tari. Na ce na samu hanya. Abin da ya rage shi ne babban mai gona ɗaya ya yarda, sauran su biyo.

Shi ne Alhaji Tankari. Mutumin albasa ne na wajen Malbaza, mai rudu da yawa, rumbunan nan na kara da ake ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. A ƙarshen damina ya dasa shu mai yawa a fadamarsa don ya riga kowa kai wa kasuwa, darɓa ta sauka a kai daidai lokacin da ya fara ƙulla kai. Shekarar da ta wuce 'yan sari sun mayar masa da kaya saboda warin magani. Shi ya sa ya aiko a kira ni.

Na zagaya gonar. Raɓa tana sauka sosai a lokacin, ƙasa da laima. Ban taɓa samun wurin da ya dace da garin kamar wannan ba.

Na ce, "Alhaji, sharaɗi ɗaya. In na fesa, ba mai taɓa gonar ga sai mako ya zagayo. A ba ta ruwa da yamma, shi ke nan. Za ka ga fari ya fito ƙarƙashin ganye. Shi ne aikin."

Yana duban wayarsa ya ce, "Na ji, na ji. Kai dai kashe min ita."

Na yi yammaci uku ina duƙe a gonar nan. Shu ya fi wake wuya, ganyensa santsi gare shi, ruwa ba ya zama, sai ka ɗaga kowane ganye da hannu. Alhaji ya zo ya tsaya a gefen da iska ke kaɗowa, ya buɗe hanci kamar yadda suka saba. Ya ce, "Illo, ko ka manta ba ka zuba ba?" Na ce na zuba. Ya tafi yana girgiza kai. Da na gama na wuce wajen Illela, inda wasu mata ke jirana.

Ranar da na dawo, tun daga kan hanya na hango hayaƙi. Da na iso na tarar da mutanen gidan Alhaji da 'yan ƙwadago cike da gonar. Suna ɓalle ganyen waje na kowane shu, duk wanda ya yi fari a ƙasa, suna tarawa a bakin kanal ɗin ban ruwa suna cinna wuta. A bayansu ga Sahabi da pampo, yana watsa shuɗin maganin nan da masu albasa ke fesawa don kashe hunhuna, ya haɗa da fiya-fiya. Warin ya doke ni a ƙirji, na ja da baya.

Na tsinci ganye ɗaya da bai kai wuta ba. Fari fat. Ko ta Inna Tamo ba ta kama haka ba. Darɓar duk ta mutu a kai, kowace ta zama buhun iri.

Alhaji ya taho da sauri, babbar riga a kafaɗa.

"Kai, maƙiyin Allah! Mi na yi maka?"

"Alhaji, wanga farin shi ne na gaya maka."

"Hunhuna ce! Ni za ka gaya wa hunhuna? Tun kana tsumma nika yaƙi da ita. Ita ta cinye min rudu biyu shekarar da anka yi ruwan bazara. Ga rudu na can, iska na kaɗawa can, kai kuma ka zo ka shuka min ita a gona!"

"Ba irin ta albasa ba ce. Wagga ƙwaro ɗai taka ci."

"Ta gaya maka? Kun yi magana da ita?"

'Yan ƙwadago suka yi dariya. Sahabi bai yi ba. Ya saki hannun pampo ya ce, "Illo, ni kira na anka yi." Na ce na sani.

Ku gane wannan. Alhaji ba wawa ba ne. Mutumin albasa in ya ga farin gashi a jikin shuka, bai san komai ba sai asara. Ubansa haka, kakansa haka. In ka ga ɗaya ta yi, ka cire ta ka ƙone kafin ta shafi sauran, wannan shi ne karatun da aka yi musu tun suna yara, kuma a kan albasa gaskiya ne. Abin da ya tsare masa dukiya shekara da shekaru shi ya aikata. Sai dai a ranar ya ƙone ma'aikatansa ne da hannunsa, wato hunhunar da ke kashe masa darɓa.

Darɓar da ta ɓuya can cikin zuciyar shu, inda guba ba ta kai ba, ba abin da ya same ta. Hunhunar da za ta bi ta an kashe. Jajayen ƙwarin da ke cin ta an kashe. Shun kuma an tuɓe masa riga, rana ta doke shi. Kafin wata ya ƙare gonar ta koma toka-toka, kawunan suka tsaya kamar dunƙulen hannu. Tumaki aka sakar wa.

Sai maganar ta shiga kasuwa. Illo ya zuba wa Alhaji Tankari hunhuna a gona. Abin da ya fi ci mini rai, ban iya cewa ƙarya ce ba. Na zuba. In na fara bayani, kafin in kai tsakiya mutum ya tafi. A Malbaza wani ya tare ni a hanya ya ce in zagaya ta bayan gari, kada in wuce kusa da rudunsa da pampona. A masallacin wani ƙauye na ajiye pampo a bakin ƙofa, na fito na tarar an ja shi da sanda an kai gindin bedi, itacen dogon yaro. Matan da ke kirana, mazansu suka hana. Na je buro neman Mushe Abdu ya zo ya yi wa mutane magana da bakinsa, aka ce an yi masa canjin wuri. Wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba, ya buɗe mini magaza, ɗakin ajiyarsu, na ga sauran ledojin a ƙarƙashin rufin kwano, sun sha zafin bazara. Na gwada ɗaya a gonar Inna Tamo. Gari ne kawai. Ya mutu.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Babu garin, babu masu kira, ga gida. Da damina ta sauka na je bakin iyaka na sayo kwalabe, na yi haɗin Nomau, na ƙara masa ƙarfi don a ji daga nesa a san Illo ya dawo hanya. Aka ji. Masu gona suka yi murmushi, suka ce ai ga shi ya yi hankali. Na san abin da lokotoro ya faɗa. Na yi ta bugawa har aka fara yankan gero. A wata gonar dawa na faɗi, aka kwaso ni a amalanke.

Ban mutu ba. Lokotoron ya yi kuskure da rabi. Amma tun daga nan ko bokitin ruwa ban ƙara ɗauka ba. In na yi magana mai tsawo sai na tsaya na nemi iska. Pampon na rataye shi.

Shekaru suka wuce. Darɓa ta saba da fiya-fiya, a fesa mata yau, jibi tana nan. Aka ƙara ƙarfi, ta ƙara sabawa. Garin hunhunar kuma ya dawo, ta hannun wata ƙungiyar manoma da ta samu wurin sanyi na ajiya. Bara, ina zaune a ƙofar gida, sai ga mota ta tsaya. Alhaji Tankari ne, ya tsufa, gemu fari. Ya gaishe ni ya daɗe yana gaisuwa. Bai ce a yafe ba, ni ma ban nema ba. Ya ce ya sake dasa shu, an fesa sau uku, darɓa ko gezau.

Na ce, "Alhaji, dube ni. Ka ga bayan da zai goya pampo?"

Ya dube ni. Ya ce, "To a yi yaya?"

Na ce ya sayo garin, ya sayo sabon pampo, ya kira Sahabi. Sahabi ma yanzu tari yake yi, ya bar dariyar tuwo da kunu. Ni zan dama, in tace, in nuna. Sannan a shimfiɗa mini tabarma a bakin gona, a kawo mini abinci can, ba ni tashi sai mako ya cika.

"Gadin mi za ka yi? Ba a sata nan."

"Gadinka."

Haka aka yi. Sahabi ya duƙa ya bi ganye, ni ina zaune ina yi masa tsawa da abin da ya rage mini na murya. Aka gama. Na zauna da sandata.

Farin ya fito a kan lokacinsa. Da safe Alhaji ya zo, ya tsaya a bakin kunya, ya leƙa. Ya dubi wajen rudunsa, ya dubi inda iska ke kaɗawa. Ya tafi. Da azahar ya dawo. Da la'asar ya sake dawowa, wannan karon ya naɗe hannun riga.

"Illo, wanga layi ɗaya na bakin nan. Shi ɗai. Ya yi yawa."

Na miƙa sanda na gitta a gabansa.

"Gonata ce, Illo."

"Taka ce ran Lahadi. Yau tawa ce."

Ya tsaya yana kallon sandar. Da ya so, da ƙafa ɗaya zai ture ta, ya ture ni. Yatsunsa suna ta motsi kamar mai jan tasbaha. Can ya sauke hannun riga, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni in albasarsa ta ruɓe, ya juya.

Albasar ba ta ruɓe ba. Shun ya ƙulla kai kamar tulu. 'Yan sari suka zo suka shinshina, suka loda mota. Yanzu masu gona uku ke kirana, duk don in zauna in hana su shiga gonarsu. Sunan aikin har yanzu feshi, amma ban ƙara taɓa hannun pampo ba.

Ranar da aka loda shun Alhaji, kowa ya bi motar zuwa bakin hanya ana ta hayaniya. Ni na naɗe tabarmata, na gwada tashi, ƙirjin ya ƙi. Sai da Sahabi ya dawo ya ɗaga ni, ya ɗora ni a bayan amalanke tare da ganyen da aka ware wa tumaki. Muka kama hanya, shi yana tari a gaba, ni ina yi a baya.